Taimakon Baƙo: Me Ke Kawo Shi, Me Ke Kashe Shi?

 

An ce in yi magana a kan taimakon juna. Mu mutanen Gadarif mun ga abin da idonmu. A watan Nuwamba na 2020, da yaƙi ya ɓarke a Tigrai, dubban mutane suka tsallako daga Habasha, har aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a jiharmu. Talakawan ƙauyukan bakin iyaka suka raba ruwansu da dawarsu da mutanen da ko yarensu ba sa ji. Da yaƙi ya tashi a Khartum a Afrilun 2023, sannan Madani ta faɗi a Disamba, makarantun garin nan suka cika da masu gudun hijira, matasa suka ɗora tukwanen takiya a unguwanni.

Me ke sa mutum ya ciyar da wanda bai sani ba? Masana sun daɗe suna bincike. A 1964 wani masani ɗan Ingila, William Hamilton, ya nuna cewa halitta takan fifita taimakon danginta na jini. A 1971 Robert Trivers na Amurka ya ƙara da cewa har wanda ba dangi ba akan taimake shi idan ana sa ran ramawa wata rana. Wannan mun san shi: shi ne gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir, kuma shi ne tsarin fatoma, mai gidan da ke saukar da baƙon fatake, ya tsaya masa a ciniki.

Amma ɗan gudun hijira ba danginka ba ne, ba kuma shi da abin rama maka. A 2006, Felix Warneken da Michael Tomasello suka gwada yara 'yan wata 18 a Jamus. Babba zai yi kamar wani abu ya suɓuce masa, yana miƙa hannu bai kai ba. Sai yaron ya tako ya ɗauko masa, ba wanda ya roƙe shi, ba kuma a yi masa alkawarin komai ba. Ashe tausayi ya riga lissafi zuwa.

Ga wani kuma da ya shafe mu kai tsaye. A 2001 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka gwada al'ummomi 15 a sassan duniya. Za a ba mutum kuɗi a ce ya raba da wani da bai sani ba. Suka tarar al'ummomin da suka fi sabawa da kasuwa sun fi yin rabon adalci. Masu cewa ɗan kasuwa bai san kowa ba sai riba, to ga amsarsu. Wanda kullum yake ba da riɗi bashi a Galabat, a biya shi bayan kaya sun shiga Matama, ya koyi amincewa da baƙo.

To idan taimako yana cikin jininmu, me ke kashe shi? Taro. A 1968 John Darley da Bibb Latané suka sa ɗalibai su ji muryar wani yana neman agaji kamar farfaɗiya ta kama shi. Cikin waɗanda suka zaci su kaɗai suka ji, kashi 85 cikin ɗari suka tashi neman taimako. Cikin waɗanda suka zaci akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 kawai. Kowa ya bar wa wani.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Wata damina a hanyar Galabat na wuce wata mota da ta kafe a laka, direba yana ɗaga hannu. Na ce a raina, ai ga motoci a bayana. Daga baya na ji cewa ya kwana a wurin da mara lafiya a cikin mota, domin kowa abin da na faɗa a raina shi ya faɗa. Har yau abin yana cina.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na farko, duk ayarin da zai tashi a naɗa mutum ɗaya, a ambaci sunansa, shi ne mai alhakin tsayawa wa wanda ya maƙale a hanya. Na biyu, asusun taimakonmu a damƙa shi ga mutane sanannu, su riƙa karanta mana lissafi kowane wata. Na uku, in kai ne ke neman agaji, kada ka ce "jama'a ku taimaka". Nuna mutum ɗaya ka ce, "Alhaji, kai nake roƙo."

Kakanninmu da yawa baƙi suka zo ƙasar nan a hanyar Makka, wasu suka sauke su. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya maimaita mana.