KAFIN KA ƘARA MURYA, DUBA MASHIGA



Da yawanku ba ku manta da abin da ya faru a wannan zaure bara ba. Malaminmu na lissafi, wanda tsufa ya rage masa murya, ya miƙe zai yi mana nasiha, lasifika ta dinga kuka har ya haƙura ya zauna. Ni ne a kan na'ura ranar, kuma laifina ne: da na ga ba a jin sa, sai na yi ta ƙara murya. Kunyar abin ta sa na je wurin masu aikin sauti na ma'aikatarmu na ɗauki darasi. Tun da ƙungiya ta bar wa makaranta wannan na'ura, ga abin da na koyo.

Na'urar haɗa sauti, wato mikisa, tana da layuka, kowace makirfo da nata. Sauti yana bin layin daga sama zuwa ƙasa, haka kuma ake gyara shi.

Maɓallin can sama shi ne na mashiga, masu sana'ar suna ce masa gen. Abin da makirfo take aikowa ɗan mitsitsi ne, gen ne yake ɗaga shi. In ya yi ƙasa, sai ka ji huci idan ka ƙara murya. In ya yi yawa, jar fitila ta kama, murya ta tsage, har ƙananan lasifikoki su iya ƙonewa. Tun ran gini ran zane: abin da ya ɓaci a mashiga, babu maɓallin da zai gyara shi a gaba. Saboda haka ka sauke feda, wato madannin da ake turawa a ƙasan layi, ka sa mai jawabi ya yi magana da ƙarfin da zai yi a taro, ka murɗa gen a hankali har ma'auni ya kusa sifili ba tare da jar fitila ta kama ba. Sannan ka tura feda.

Ƙarƙashin gen akwai ikwalaiza. A ƙananan mikisoshi maɓallai uku ne. Na ƙasa yana riƙe da kaurin murya, wajen haz 80 ko 100. Na tsakiya wajen haz 2,500. Na sama yana riƙe da kaifi, wajen haz 10,000 ko 12,000. Yawanci kowanne yana ƙara ko rage desibel 15. In ya tsaya a tsakiya, kamar hannun agogo a ƙarfe 12, bai ƙara ba bai rage ba. Daga nan ake farawa.

Mu Hausawa muna son murya mai kauri, shi ya sa hannu yake saurin zuwa maɓallin ƙasa. Amma abin da yake raba "sara" da "shara" da "tsara" a kunne yana sautin tsakiya da na sama. Kauri in ya yi yawa, sai zaure ya yi ta gurnani, kalmomi su nutse. Ƙa'idar ita ce ka fara rage abin da ya yi yawa kafin ka ƙara wani. Akwai kuma ɗan madanni kusa da gen mai yanke sautin da yake ƙasa da haz 80 ko 100. Ga jawabi, danna shi. Zai rage bugun iska da motsin hannu.

Kukan lasifika kuwa yana tasowa ne idan makirfo ta ji abin da lasifika ta fitar ta sake mayar mata. In ya taso, sauke feda tukuna. Ka ajiye lasifika a gaban mai magana tana fuskantar jama'a, ka matso masa da makirfo kusa da baki. Da wannan na yi wa Malam bara, da an ji shi.

Na ƙarshe: wajen kunnawa mikisa ce farko, amfilifaya ƙarshe, wajen kashewa a fara da amfilifaya.

Ina roƙon shugaban makaranta ya ba ni ɗalibai biyu in nuna musu wannan bayan taro. Malam kuma, a yi mini afuwa. Yau na gyara layinka da hannuna. Muna jiran sauran nasihar nan.