Kiriyatin ga Baba? Ka tsaya ka ji wannan kafin ka shiga kasuwar Sabon Gari

Wanda bai samu damar sauraren shirin ba, ga shi a rubuce.

Yau maganar ta iyayenmu ce, duk da cewa daga wurinmu matasa ta taso. Kun san garin nan fari da masu ɗaga ƙarfe suke damawa a ruwa, wanda a jikin robar za ka ga an rubuta creatine, mu kuma mu ce kiriyatin. Duk wanda yake zuwa jim a Sabon Gari ko Fagge ya san shi. To yanzu magana ta canza salo, bidiyo sai yawo suke yi a TikTok cewa wai dattawa ma sun fi mu buƙatarsa. Saƙonni sun yi ta shigo mana, kusan duk tambaya ɗaya: in saya wa Babana? In saya wa Hajiya?

Ni wannan tambayar ta same ni a gida, shi ya sa na zauna na bi ta a hankali.

Mahaifina ya haura sittin da biyar. Mutum ne da ba ya zama. Bayan asuba zai fita da ƙafa, ya zaga har wajen filin Pillars ya dawo, shekara da shekaru haka yake yi. Amma wata rana muna sallah ina gefensa, da aka zo tashi daga zaman tahiya sai na ga ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya yi yunƙuri sau biyu kafin ya miƙe. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Bayan sati biyu na ga farar kujerar roba a ɗakinsa, kusa da darduma. Wallahi abin ya taɓa ni. Mutumin da yake tafiyar awa guda kullum, ya za a ce tashi daga ƙasa ya zama aiki?

Amsar ita ce tafiya daban, ƙarfin tsoka daban. Daga shekara talatin tsokar mutum take fara raguwa a hankali, kusan kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, in an wuce sittin kuma sai abin ya ƙara sauri. Likitoci suna kiran wannan zaizayewar tsoka ta tsufa da sakofeniya, sunan da wani likita ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa a 1989. Tafiya tana gyara zuciya, tana taimakon suga da hawan jini, amma ba ta cika dawo da ƙarfin cinya ba. Ita tsoka sai an ɗora mata nauyi take amsawa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce bayan tafiya, babba yana buƙatar atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a sati.

To ina kiriyatin ya shigo?

Da farko dai ba baƙon abu ba ne a jikinka. Wani masani ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ya fara gano shi a cikin nama a 1832, sunan ma daga kalmar Girkanci ta nama aka ciro shi. Hantarka da ƙodarka suna haɗa kusan giram ɗaya kullum, sauran kuma daga nama da kifi kake samu. Kusan kashi 95 cikin ɗari a tsoka yake zaune. Aikinsa kamar inbata ne a gida. An ɗauke wuta, kafin a je a tada janareta, inbata ta riƙe ka. Haka tsoka take: in za ka yi yunƙuri mai ƙarfi na ɗan lokaci, daƙiƙa goma ko ƙasa da haka, kamar tashi daga tsugune ko ɗaga buhu, makamashin da ke hannu nan take yake ƙarewa, kiriyatin ne yake saurin mayar da shi. In ajiyar ta ƙaru, maimakon ka ɗaga sau takwas ka gaji, sai ka iya kai goma. Wannan ƙarin biyun, in suka taru wata da watanni, su ne suke zama tsoka.

Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne masu talla suke tsallakewa. Garin ba ya gina tsoka da kansa. Yana ba ka damar yin ƙarin aiki ne, aikin kuma shi yake ginawa.

Duniya ta fara jin labarinsa sosai bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992, lokacin da aka ruwaito wasu 'yan tseren Ingila sun yi amfani da shi. Tun daga nan ake bincike a kai, kuma yana cikin abubuwan ƙarin kuzari da aka fi nazari a kansu. Ba sitiroyid ba ne, hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ba ta haramta shi ba. A ɓangaren dattawa, wasu masana a Kanada, cikinsu akwai Philip Chilibeck da Darren Candow, sun tattara bincike 22 a 2017, mutum 721, yawanci 'yan shekara hamsin da wani abu zuwa saba'in. Dukkansu suna atisayen ɗaga nauyi, rabi ana ba su kiriyatin, rabi ana ba su garin da babu komai a ciki. Waɗanda suka sha na gaskiyar sun fi sauran da kusan kilo 1.4 na naman jiki marar kitse, ƙarfinsu na ƙafa da na ƙirji ma ya ɗan fi. A 2016 kuma hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa giram 3 a kullum yana ƙara tasirin atisaye ga wanda ya haura 55, amma da sharaɗi: mutum yana atisayen nauyi aƙalla sau uku a sati.

Kun ji sharaɗin ko? In Baba yana zaune a shago daga safe zuwa magariba, ka saya masa wannan garin, kuɗinka kawai ka narkar a kofi. Maganar da ake yi ta cewa yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa ko ƙarfin ƙashi kuwa, hujjarta ba ta kai ta tsoka ƙarfi ba, ni ba zan sayi roba saboda ita ba.

Yanzu ga inda na so in yi kuskure. Na riga na sayo robar kafin in tambayi kowa. Sai da na kai gida wata 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya ta ce min, "Yaya, ka san me Baba yake sha kullum kuwa?" Muka buɗe lokar gadonsa. Ga maganin hawan jini, wannan mun sani. Amma ga kuma katin diclofenac har uku, na ciwon gwiwa, wanda yake aika yaro kemis ya sayo masa, kusan kullum sai ya haɗiya, ya fi shekara. Irin waɗannan magungunan ciwon jiki, shi da ibuprofen da danginsu, in aka daɗe ana sha suna iya lahanta ƙoda, balle ga dattijo mai hawan jini. Mu kuma a Arewa ba sai an ba mu labarin ciwon ƙoda ba. Kowa ya ji halin da ake ciki a Gashuwa da Haɗeja, kowa ya san wani da ake kai wa wankin ƙoda Asibitin Malam.

A fahimce ni da kyau: binciken da aka yi a kan masu lafiyar ƙoda bai nuna kiriyatin yana lalata ta ba in an sha daidai ƙima. Matsalar ita ce ciwon ƙoda ba ya sallama. Mutum zai iya rasa kaso mai yawa na aikinta yana yawonsa bai ji komai ba. Kuma manyan masu jawo shi, hawan jini da ciwon suga, su ne suka cika gidajenmu. Saboda haka kafin cokali ɗaya ya shiga bakin dattijo, a je a yi gwajin jini na ƙoda da na fitsari, a kai wa likita ya duba. In an riga an san yana da matsalar ƙoda, to a bar maganar gaba ɗaya sai abin da likitansa ya ce.

Akwai kuma wani abu da zai iya tayar muku da hankali a banza. Gwajin ƙodar da aka fi yi yana auna wani sinadari ne mai suna kiriyatinin. Sunan ya yi kama ko? Dalili shi ne shi ne dattin da kiriyatin yake komawa in jiki ya gama da shi. Wanda yake shan garin, lambarsa za ta iya ɗan hawa alhali ƙodarsa lafiya lau. In ba ku faɗa wa likita ba, zai iya ɗauka ciwo ne ya fara. Shi ya sa gwajin farko yake da amfani biyu: ya nuna ko akwai matsala, kuma ya zama ma'aunin da za a kwatanta da shi daga baya. In an shiga kokwanto, akwai wani gwajin, cystatin C, wanda kiriyatin ba ya ruɗa shi, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake yi ba.

Mu dai Allah ya taimake mu, gwajin Baba ya fito da kyau. Likita ya dakatar da diclofenac ɗin, ya canza masa wani abu, ya ce a fara atisaye tukuna. Robar ta yi sati shida a kan firij ba a buɗe ta ba.

Atisayen kuma ba jim muka kai shi ba, don da na ambata sai ya ce, "Kai yaro, ni za ka kai cikin masu singileti?" A tsakar gida muka yi. Tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba. Tura bango. Hawa matakalar bene ɗaya a sauko. Jarkar lita biyar in ka cika ta da ruwa kilo biyar ce, ita ce ƙarfenmu. In sau goma ya zama wasa, a ƙara nauyi, wannan ƙarin shi ne sirrin. Ga wani gwaji da za ku iya yi wa iyayenku yau da agogon waya: su rungume hannu a ƙirji, su tashi su zauna sau biyar a jere. In ya wuce daƙiƙa 15, masana suna ɗaukarsa alamar raunin tsokar ƙafa. A jingina kujerar da bango, kai kuma ka tsaya kusa.

In an zo shan, giram 3 zuwa 5 a rana, wajen cokalin shayi ɗaya, a ruwa ko koko ko shayi, a dama a shanye a lokacin. 'Yan jim suna da wani tsari na loda giram 20 kullum na sati guda. Dattijo ba ya buƙatar wannan, sai dai ya jawo masa kumburin ciki da gudawa. Ƙaramin awon ma cikin sati uku zuwa huɗu zai cika ajiyar. Sikeli zai iya nuna ƙarin kilo ɗaya ko biyu da farko, ruwa ne tsoka ta riƙe, ba kitse ba. A zafin Kano na Maris zuwa Mayu a kula da shan ruwa. Da azumi a sha bayan buɗa-baki. Masu tambayar halacci kuma, garin a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai, ba daga dabba ake tatsa ba. Na kafso ne ake duba ɓawonsa, don wani da jelatin ake yi.

Sai maganar saye, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a garin nan. Mu da muka tashi kusa da kasuwar Sabon Gari mun san yadda harkar magani take. A Fabrairun 2024 kotun tarayya ta ce dillalan magani su koma cibiyar Kanawa da ke Dangwauro a titin Zariya, NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu, duk a kan maganar jabu da rashin kyakkyawar ajiya. Shi kuma wannan farin gari ne marar wari, da ido ba za ka bambance shi da sitaci ba. Lokacin da nake nema, wani mai shago ya ɗauko min a ƙulle a leda, wai daga babbar roba ya ɗiba don ya sauƙaƙa min. Na gode masa na wuce. Wani kuma ya nuna min wata roba mai hoton ƙato, an jera abubuwa sun fi goma a bayanta, har da kafin mai yawa. Wannan ba na mai hawan jini ba ne. Abin tsoron shi ne a cakuɗa da irin ƙwayoyin sha-ka-fashe, mutum ya ga ya ciko ya ɗauka aiki yake yi, alhali suga da jini ne suke hawa.

Ka nemi wanda aka rubuta creatine monohydrate shi kaɗai a jerin abin da ke ciki, robar a liƙe, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, a famasi mai rajista. Masu wasu sunaye na gayu da suka ninka kuɗi ba a nuna sun fi shi ba. Robar giram 300, a giram 3 kullum, kwana ɗari za ta yi. Ka yi lissafin da kanka. In kuɗin zai sa a rage ƙwai da wake da kifi a kwanon Baba, to a bar garin a sayi abincin, don tsoka ba ta ginuwa babu furotin.

Baba yanzu wata biyar ke nan yana jarkarsa, wata uku da rabi yana shan garin a kokon safe. Wane kaso ne na jarka, wane ne na cokali, shi bai damu ba, cewa yake duk wahalar tasa ce. Kujerar robar tana nan a ɗakin, amma Hajiya ta mayar da ita wurin ajiye kayan wanki. Wata mai zuwa za mu koma a maimaita gwajin ƙodar, na riga na rubuta sunan garin da awon da yake sha a bayan katin asibitinsa don kada mu manta mu faɗa wa likita.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A gaida su Baba da Hajiya.