Na'urar Ji a Kan Hanya: Daga Tashar Mota Zuwa Mina

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, malamai, iyayenmu mata, 'yan'uwa mutanen Tofa, ina gaishe ku.

An nemi in yi magana kan tafiye-tafiye da na'urar ji, ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne. Na san masu ita a zauren nan ba su da yawa. Tana da tsada, kuma sai an je wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, an auna jin mutum kafin a saita masa ita. Masu buƙatarta kuwa suna da yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne raunin jinsu ya kai a taimaka musu. Mu nan ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Yaran da sanƙarau na 1996 ya bari da kurumta yau magidanta ne, ga dattawan da shekaru suka cinye wa ji, ga masu injin niƙa.

Aikin na'urar shi ne ta ɗauki sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta zuba a kunne. A zaure, mutum biyu suna hira, lafiya lau. To amma a kai mai ita kasuwar Janguza ko tashar Rijiyar Zaki. Hon ɗin mota, janareta, ɗan kamasho na kiran fasinja, duk za ta ɗauko su tare, ko da ta zamani ce mai rage hayaniya. Inda matafiyi ya fi buƙatarta, nan ta fi gazawa. In ya hau acaɓa, iska ce za ta cika masa kunne, ba zai ji motar da ke bayansa ba. Ga ƙurar hunturu mai toshe ƙofar da sauti ke shiga, ga gumin bazara. Hijabi ko rawani in ya matse ta sai ta kama fito, har na kusa ya waiwayo. A sassauta mayafin kawai.

Sai alwala. Ruwa abokin gabarta ne, dole a cire ta kafin shafar kunne. A saka ta a ɗan akwatinta cikin aljihu, kada a ɗora kan dakalin masallacin da aka tsaya a hanya, direba na hon, a tashi a bar ta.

Bari in daɗe kan batir, don a nan tafiya ke lalacewa. Batirin na'urar ji da iska yake aiki. Akwai 'yar takarda manne a bayansa. Da zarar ka ɓare ta ya fara ci, ko ka saka shi ko ba ka saka ba, kuma mayar da takardar ba ya tsayar da shi. Girma huɗu ne, kowane da launinsa: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ƙananan kwanaki kaɗan suke yi, babban kan kai mako biyu. Da wuya ka same shi a kemis ɗin ƙauye, kuma batirin agogo ba ya maye gurbinsa duk da kamanninsu. A ɓoye shi daga yara, domin haɗiye shi na iya kisa.

Yanzu ku ɗauki maniyyaci daga Lambu ko Doka. Zai yi wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki. In batirinsa mako yake yi, kunne biyu, mako shida, goma sha biyu ke nan, ni kuwa zan ce ya ninka. Ya riƙe su a jakar hannu, ba a babbar jakar da ake aunawa ba, don ita tana iya biyo wani jirgin. Ba sai ya cire na'urar wajen bincike a filin jirgi ba, ya dai gaya wa jami'i, kuma zai iya barinta a kunne har a sauka. Mai irin ta caji ya kwantar da hankali, soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin namu, sai dai a tantin Mina kowa wayarsa yake son sakawa. Zafi kuma ba wasa ba ne: a Hajjin 2024 ya haura digiri 51 a Makka. Da dare a goge na'urar, a buɗe ƙofar batir ta sha iska.

Duk wannan nauyin mai na'ura ne. Namu fa? Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, amma har yau sanarwarmu ta baki ce da lasifika. A ganina ihu a kunnen mai na'ura cutarwa ce, domin ƙarar na ɓata kalmomin. Ku fuskance shi, ya ga bakinku, ku yi magana a natse.

Ina roƙon malaman bita da jami'in alhazai na ƙaramar hukuma: tun ranar farko a tambayi wa ke da raunin ji, a haɗa shi da abokin tafiya, a rubuta masa sunan masauki da lambar tanti da lokacin tashin mota, da boko ko da ajami, wanda ya fi iya karantawa. 'Yan ƙungiyar direbobi kuma, allo da alli sun isa a rubuta inda kowace mota ta nufa.