Saƙon Waya Shaida Ne: Yadda Taimako Zai Iso Hannun Mai Shi

 Yau hirarmu a kan taimako ce, wato zakka da sadaka da tallafin da gwamnati ko ƙungiyoyi kan raba, da yadda wayar nan ta hannunmu za ta sa abin ya iso ga mai shi ba tare da an gutsure shi a hanya ba.

Bari in fara da abin da na gani a unguwarmu. Wata baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar ta da yara 5. Tana cikin takaba aka yi rabon shinkafa, aka sa sunanta. Ba halin fita, sai ta wakilta wani ya karɓo mata. Ya kawo kwano 2, ta yi godiya har da hawaye. Sai bayan ta fita takaba, a gidan suna, ta ji ashe rabin buhu aka ba kowace. To wa za ta tuhuma? Ba takarda, ba shaida. Mu da muke cikin gida wannan ita ce matsalarmu: tsakaninmu da mai bayarwa akwai hannaye da yawa, kuma ba mu ganin ko ɗaya.

Yanzu ku ji abin da ya faru a maƙwabta. A shekarar 2010, bayan fari ya jawo ƙarancin abinci a Jamhuriyar Nijar, wata ƙungiyar agaji mai suna Concern Worldwide ta raba kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Kowane gida yana samun kimanin jika 22 ta sefa a wata, har wata 5, kuma yawanci da sunan mace ake bayarwa. Wasu ƙauyukan a hannu aka riƙa ba su, sai mace ta yi tattaki ta bi layi. Wasu kuwa ta waya aka riƙa turo musu, saƙo ya shigo, ta cire a wurin wakili na kusa. Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Jenny Aker, ita da abokan aikinta suka bi sawun abin. Suka tarar gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu ma sun fi samun abinci. Kuɗin fa ɗaya ne. Bambancin shi ne matar ba ta ɓata yininta a hanya ba, kuma da yake ita ce ta fara sanin shigowar kuɗin, bakinta ya fi shiga cikin shawarar abin da za a saya.

A can ƙasar Jodan kuma, inda 'yan gudun hijirar Siriya suke zaune a sansanonin Za'atari da Azrak, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da wata dabara a 2016. Mace za ta shiga kanti ta ɗebi kayan abinci, ta kalli wata na'ura, na'urar ta gane ta da ƙwayar idonta, a cire kuɗin daga kasonta. Kati yana iya ɓata, ana iya sace shi, amma ba mai aron idon wani ya je ya karɓi rabonsa.

Kun ga amfanin abin shi ne yana barin sawu. Ranar da aka tura, da adadin, da lambar da ta karɓa, duk a rubuce suke, mai bayarwa yana gani, mai karɓa tana gani. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Rubutu yana kare mai amana daga zargi, kamar yadda yake kare mai haƙƙi daga cuta.

Amma 'yan uwa, kar mu ɗauka na'ura ta gama komai. Idan an sa sunanki, amma lambar wayar ta wani ce, an koma gidan jiya, shi zai ga saƙo, ke sai abin da ya faɗa miki. Saboda haka ga shawarwarina.

Na farko, ki nemi izinin maigida ki yi rajistar katin ɗan ƙasa, ki mallaki lambar NIN, layin wayarki da asusunki su zama da sunanki. Fita ce ta yini ɗaya. Maigida, Allah ya ƙara arziki, idan kana jinmu ka raka ta da kanka, amfanin gidanka ne.

Na biyu, lambar sirrinki taki ce ke kaɗai. Kar ki rubuta ta a bayan kati, kar ki faɗa wa mai POS ya danna miki. Duk wanda ya bugo waya ya ce daga ofishin tallafi yake, ki karanto masa lambar da aka turo miki ko ta BVN, ɓarawo ne, ki kashe wayarki. Haka wanda ya ce sai kin biya kafin a sa sunanki. Tsaron kaya ya fi ban cigiya.

Na uku, kar ki goge saƙon kuɗi. In ba kya karanta boko, ki sa 'yarki ko malamar Islamiyyarku ta karanta miki. In kin aiki yaro ya ciro, ki gwada abin da ya kawo da abin da saƙon ya nuna, bayan an cire ladan mai POS. Ki tambayi maƙwabciyarki nawa aka ba ta. In kun ga giɓi ku haɗu ku kai magana wurin mai unguwa, saƙon yana hannunku.

Mu ma masu bayarwa akwai namu. Ƙungiyoyinmu na mata da ke tara kuɗin marayu da azumi, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum 2 ko 3 su riƙa sa hannu, kar a zuba a asusun shugaba komai kirkinta. Duk wata a karanta wa 'yan ƙungiya abin da ya shigo da abin da ya fita. Waɗanda ba sa fitowa taro a tura musu ta saƙon murya. Sai dai a kiyaye mutuncin mabuƙata. A nuna lissafi, amma ban da ɗaukar hoton marainiya riƙe da leda ana yaɗawa a WhatsApp. Kuma tsohuwar da ba ta da waya kar a manta da ita, a kai mata har ɗaki a gaban shaidu 2.

Ita baiwar Allahn nan da na fara ba ku labarinta, yanzu tana da layinta da asusunta. Da azumin da ya wuce saƙo ya shigo mata tana tsakiyar tuƙa tuwo, 'yarta ta karanta mata, kuma abin da aka tura shi ta karɓa cif.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida yara, a huta lafiya.