Motar da ba a zura mata makulli: tsaron tamu da tsaron wadda muke saye

Jawabin kwamitin masu harkar motoci a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka dasa wannan itace muke shan inuwarsa, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Maraɗi, Damagaram, Ƙonni da Yamai, da waɗanda suka ƙetaro daga Katsina, Kano da Sakkwato, da mazauna Kwatano, Lome da Akara, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ba kwamitinmu 'yan mintoci mu yi magana a kan satar manyan motoci na zamani, irin waɗanda ba a zura musu makulli, sai dai a sa rimot a aljihu, a taɓa ƙofa ta buɗe, a danna maɓalli ta tashi. Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Da yawanmu irinsu muke hawa, da su muke kwana a garuruwan da ba namu ba. Sannan da yawanmu irinsu muke saye a bakin ruwa mu kai wa masu kuɗi.

Za mu fara da abin da ya sami wani ɗan'uwanmu, wanda ya yarda a faɗa amma ba za mu kama sunansa ba. Ya tarar da wata Lexus fes a wani fakin motoci na bakin ruwa, ba karo, ba fenti, an yi masa ragin da bai taɓa gani ba. Makulli ɗaya aka ba shi, aka ce ɗayan ya ɓace a jirgi. Ya biya, ya yi takardun duwan daidai, ya sayar wa wani Alhaji da suka yi shekaru suna ciniki. Bayan 'yan watanni Alhajin ya tashi tafiya da iyalinsa, aka duba lambar motar a kan iyaka, ta fito cikin jerin motocin da aka sace a Kanada. Aka riƙe mota, aka sauke iyali a rana, aka nemo ɗan'uwan namu. Ya mayar da kuɗi cif, dillalin da ya haɗa cinikin ya kashe waya, kuma har yau Alhajin bai sake sayen ko taya a hannunsa ba. Da bakinsa ya ce mana asarar kuɗin ba ta kai masa zafin kallon da Alhajin ya yi masa a ofishin 'yan sanda ba.

To, yaya ake sace motar da aka ce ta fi kowace tsaro? Hanyoyi huɗu ne suka fi yawa.

Ta farko ita ce tsawaita muryar makulli. Motar tana kiran rimot ɗinta da wata 'yar sigina wadda ba ta wuce taku ɗaya ko biyu. In rimot ya amsa, sai ta buɗe. Ɓarayi biyu ke zuwa, ɗaya ya tsaya jikin mota da na'ura, ɗaya ya raɓa jikin ƙofa ko tagar ɗakin da makulli yake da wata na'urar. Na'urorin su ɗauki kiran mota su kai wa makulli, makulli ya amsa, mota ta ɗauka maigida ne a gefenta. Ba a fasa gilashi, ƙararrawa ba ta kuka. Kuma da zarar inji ya tashi, ba ya mutuwa don makulli ya yi nisa, sai an kashe shi.

Ta biyu ita ce shiga ta fitilar gaba. Sassa da yawa na motar zamani a kan wayoyi guda suke magana da juna. Ɓarawo ya ɓanɓare gefen bamba, ya kai ga wayar fitila, ya jona 'yar na'urar da ke yi wa kwamfutar mota ƙaryar cewa an ga makulli. A 2023 masana a Ingila suka bayyana wannan dabara, bayan an sace wa ɗayansu Toyota RAV4. Kafin a ɗauke ta, sau biyu yana tarar da an taɓa masa bamba, ya ɗauka ɓarnar 'yan iska ce.

Ta uku ita ce soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari, inda makanike ke jona kwamfutarsa in zai duba ciwon mota. Wanda ya sami shiga motar da na'urar da ta dace yana iya yi wa kansa sabon makulli a wurin. Wannan ita ce ta fi kusa da mu, domin mu masu barin mota ne da makulli a wurin wanki, a gareji, a hannun yaron da muka sani jiya.

Ta huɗu ita ce toshe sigina. Ka fito a bakin banki ko kasuwa, ka danna rimot kana tafiya kana waya, wani na kusa ya toshe siginar, ƙofa ba ta kullu ba. Ko bai tafi da motar ba, ya tafi da jakar da ke ciki, mu kuwa mun san abin da ke cikin jakar ɗan kasuwa.

Masu magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Galibin maganin waɗannan abubuwa a hannunmu yake, kuma bai kai kuɗin cika tanki ɗaya ba.

Kada makulli ya kwana a rataye bakin ƙofa ko kan taga, ballantana a masauki inda mota take dab da ɗaki. A sa shi cikin jakar nan mai toshe sigina da ake kira jakar Faraday, ko cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Amma a gwada: a sa makullin ciki, a je jikin mota, a ja ƙofa. In ta buɗe, jakar ba ta aiki. A riƙa maimaita gwajin, don jakar tana lalacewa da tsufa. Makulli na biyu da ke wurin uwargida shi ma a yi masa haka.

Wasu rimot ana iya sa su barci. A yawancin Toyota da Lexus, in ka danne maɓallin kullewa, ka danna na buɗewa sau biyu ba tare da ka saki na farkon ba, 'yar fitilar rimot za ta ƙifta sau huɗu, ya daina amsa kira sai ka sake danna shi. A Mercedes da yawa, danna maɓallin kullewa sau biyu a jere ke yin wannan aiki. Kowa ya duba littafin motarsa.

A koma wa ƙarfen kulle sitiyari da iyayenmu suke sa wa Peugeot 504. Ɓarawon kwamfuta shiru da sauri yake nema, yankan ƙarfe kuwa yana da ƙara da ɓata lokaci. A sa wa soket ɗin ƙarƙashin sitiyari murfi mai kwaɗo. A sami amintaccen mai gyaran wayoyin mota ya ɓoye wani maɓalli da ke yanke mai ko wuta, wanda daga kai sai direbanka kuka san wurinsa. Na'urar bin diddigi kuma a sa biyu a wurare daban, domin ɓarawo in ya cire ɗaya yakan saki jiki. Mu da muke ƙetare iyaka, mu tambayi mai sa ta ko layin da ke ciki yana aiki a ƙasashen da muke bi. Na'urar da ke mutuwa da an wuce Jibiya ko Gaya ba ta da amfani gare mu.

In an kulle mota, a ja ƙofa da hannu a tabbatar. In aka wayi gari aka ga bamba ko fitila a sagale, kada a ce yara ne, a canza mata wurin kwana a ranar. Duk motar da ka saya ta hannu, ka kai ta a goge tsoffin makullan da ke cikin kwamfutarta, a bar waɗanda ke hannunka kaɗai. Haka in direba ya bar aiki ba a rabu da daɗi ba.

Yanzu fuska ta biyu, wadda ta fi nauyi. Ɓarawon Toronto ko Landan ba don ya hau yake sata ba. Satarsa ba ta cika sai an sami mai saye, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa wani kaso na waɗannan motoci ta tashoshin da muke ciniki yake shigowa. A 2022 an sace motoci fiye da 105,000 a Kanada. A Afrilun 2024 hukumomin ƙasar suka sanar da ƙwato motoci 598 a tashar jiragen ruwa ta Montreal kafin a fita da su. A Fabrairun 2024 'yan sandan Kanada suka haɗa jerin motocinsu na sata da rumbun Interpol, kuma kafin ƙarshen Mayu an gano fiye da 1,500 a ƙasashe daban-daban.

Abin ya iso ƙofarmu. A Disamban 2022 hukumar EOCO ta Gana ta kwashe manyan motoci 37 daga wuraren sayar da motoci a Akara. A Satumban 2024 hukumar EFCC ta Najeriya ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53. A Maris na 2025 Interpol ta yi wani samame tare da ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, Najeriya, Benin, Togo da Gana, aka gano motocin sata kusan 150, mafi yawansu daga Kanada. Zamanin da mota ke tsallake teku ta wanke ya wuce. Takardar duwan shaida ce ta cewa ka biya gwamnati haƙƙinta, ba ta ce motar halal ce ba.

Don haka muna ba da shawara kafin a ƙirga ko dala ɗaya. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, kuma babu I, O ko Q a cikinta. A duba ta a ƙasan gilashin gaba, a jikin ƙofar direba, da inda aka buga ta a ƙarfen mota, a gwada da ta takarda. Sannan a sa makanike ya karanto wadda ke cikin kwamfutar motar, domin ɓarayi sukan liƙa lambar wata mota mai tsabta a waje, su kasa canza ta ciki gaba ɗaya. Motar Amurka ana duba ta kyauta a VINCheck na hukumar NICB, ana kuma sayen tarihinta a Carfax, wanda yake da reshen Kanada. Rumbun Interpol 'yan sanda ne kawai ke shiga, kuma kowace ƙasa tamu tana da ofishinsa. Ga babbar mota, zuwa can kafin ciniki ya fi zuwa bayan an kama.

A nemi takardar lodin jirgi, a ga ko motar ce aka rubuta da lambarta, ko kuwa an ce kayan gida ne. Motar Amurka ba ta fita bisa ƙa'ida sai da takardar mallakarta ta asali. Mun kuma san yawancin motocin da muke kawowa daga gwanjo suke, sun yi karo an gyara, kuma sau da yawa hotunansu na kan intanet in an buga lambar. Idan aka kawo maka 'yar shekara ɗaya ko biyu, ba tabo, ba tarihin gwanjo, da makulli ɗaya wanda ba na kamfani ba, rufin ciki a yage inda aka cire na'urar bin diddigi, farashi kuma a ƙasa, to banza ba ta kai zomo kasuwa. A bar ta, ko da dillalin ɗan'uwa ne.

Muna roƙon shugabanni su duba abu uku. Kowane ɗan ƙungiya ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta lambar shasi, sunan wanda ya sayar masa da kwafin katin shaidarsa. Duk yarjejeniyar ciniki a rubuta cewa in motar ta fito ta sata, mai sayarwa zai mayar da kuɗi, a gaban shaidu biyu. In kuma an sace motar ɗayanmu, bayan sanar da 'yan sanda ko jandarma, a tura hoto da lamba ga wakilanmu na kowace iyaka a cikin sa'ar farko, domin daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai tafiyar kilomita 100 ba.

'Yan'uwa, iyayenmu sun yi fataucin goro da shanu daga nan har Kumasi ba takarda ba banki, da magana kaɗai ake ba su kaya. Wannan sunan muka gada, da shi ake turo mana miliyoyi tun kafin a ga mota. Kowace motar sata akwai mai ita a wani gari da ya fito da safe ya tarar da fili, kamar yadda ba ma so mu tarar. Kada a same mu cikin masu cika wa ɓarawo aikinsa.

Duk mai son a gwada masa jakar makulli ko a nuna masa inda lambar shasi take, 'yan kwamiti za su tsaya a fakin motoci bayan sallar La'asar.

Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci, Ya jiƙan magabatanmu, Ya maimaita mana.