An Sallame Shi, Sai Kuma Me? Bibiyar Masu Sikizofiriniya Ta Waya A Ƙasar Birnin Gwari

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan tsaya bayanin mene ne sikizofiriniya ba. Duk wanda ke zauren nan ya san shi, wani a littafi, wani a ɗakin jinya, wani kuma a cikin gidansu.

Magana ta a kan ranar sallama ce. Mu ma'aikata muna ɗaukarta ranar nasara, alhali alƙaluma sun nuna daga nan haɗarin yake farawa. Binciken Robinson da abokansa na 1999 ya bi waɗanda ciwon ya fara kamawa, ya tarar kashi 82 cikin ɗari ciwon ya sake tasar musu cikin shekara biyar, kuma barin magani yana ninka haɗarin kusan sau biyar. A 2012 Leucht ya tattara gwaje-gwaje 65 a mujallar Lancet, marasa lafiya 6,493: cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 na masu shan magani, ya dawo wa kashi 64 na waɗanda aka ba maganin bogi. Nazarin Chung na 2017 kuma ya nuna wata ukun farko bayan sallama su ne lokacin da aka fi kashe kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin 300 ne ke da wannan ciwo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Gwari mutum sama da 250,000. Ko da wannan tsohon adadi muka yi lissafi, mutum sama da 800 ke nan, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa yana Barnawa cikin Kaduna, tafiyar kilomita 120 da 'yan kai daga cikin garin Birnin Gwari, ta Udawa da Buruku. Ba sai na gaya wa kowa abin da wannan hanya ta zama a shekarun baya ba.

Da an kawo wannan matsala, amsar da ke bakin manya ita ce manhaja. A ƙirƙiro manhaja, a yi bikin ƙaddamarwa a otal, a ɗauki hoto. Ni ba maƙiyin waya ba ne, hasali ma ita na zo karewa. Amma mu dubi abin da bincike ya ce ba tare da son rai ba.

A Finlan, ƙasar da kowa ya iya karatu kuma sabis ba ya yankewa, Valimaki ta gwada tura saƙon tes ga marasa lafiya 1,139 bayan sallama, aka buga sakamakon a 2017. Saƙon bai rage komawa gadon asibiti ba ko kaɗan. A nan gida, a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Benin, binciken Thomas da Lawani da James na 2017 ya nuna tunatarwa ta tes ta kusa ninka yiwuwar mutum ya zo ranar ganin likita. Madalla, sai dai zuwa asibiti daban, zaman lafiya a gida daban. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne gwajin da aka yi a ƙauyukan lardin Hunan na Sin, wanda aka buga a 2019, da marasa lafiya 278. Ciwon ya dawo wa kashi 22 na waɗanda aka bibiya, da kashi 34 na waɗanda ba a bibiya ba. Sake kwantarwa kuwa kashi 7 ne a kan kashi 20. Masu tallan manhaja suna son kawo wannan gwaji, amma sukan tsallake gishirinsa. Kowane mara lafiya an zaɓa masa mutum ɗaya, galibi ɗan gida, wanda yake ganin ya haɗiye maganin, yake lura da alamun tashin ciwo, kuma in ya ga wani abu ya aika wa ma'aikacin lafiya. Waya ta yi aiki ne saboda akwai mutum a kowane ɓangare nata. A Finlan saƙo ya je, babu mai tsayawa a kansa.

Yanzu mu sauko Birnin Gwari. Ranar 30 ga Satumba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka rufe sabis a wasu sassan jihar, har da yankinmu, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. A daidai lokacin an hana hawa babur, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Ban zo yin muhawara kan hikimar tsaro ba. Tambaya ta ita ce, wa ya tuna da mai tabin hankali a ƙauye wanda maganinsa zai ƙare ranar Laraba?

Na san wani matashi, ba zan faɗi sunansa ko ƙauyensa ba, da aka sallama daga wani asibiti gab da wannan rufewa. An ba yayansa maganin wata guda a ƙulle cikin leda, da kati mai ɗauke da ranar dawowa da rubutun da ni kaina sai da na ƙura ido kafin na karanta. Babu lambar da za a kira, ko da akwai ma babu sabis, babu babur ɗin fitowa bakin titi. Lokacin da na sake ganinsa, akwai mari a ƙafarsa, ƙarfen ya ci fatar idon sawu har ya yi fari. Mahaifiyarsa ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce da maganin ya ƙare sai ya daina barci, ya fara fita da dare, su kuwa dajin suke tsoro. Wannan shi ne abin da wanda bai san yankin ba ba zai gane ba. A cikin Kaduna mai tabin hankali in ya fita, a same shi a tasha ko gindin gada. A bakin dajin Kamuku ko Kuyambana, mutumin da aka gani yana yawo shi kaɗai yana surutai, 'yan bindiga su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, 'yan sa-kai su ɗauke shi infoma. Ga wannan uwa, mari ya fi likkafani. Mun yi ta Allah wadai da aka kuɓutar da mutane kusan 300 daga gidan mari na Rigasa a Satumban 2019, kuma ya cancanci haka. Amma marin da ke cikin gidaje rashin bibiyarmu ne ya ƙera shi.

Saboda haka duk tsarin da za a yi wa Birnin Gwari dole ya fara daga wayar da mutane ke riƙe da ita, wato ƙaramar nan mai tocila da ake kai wa mai caji a bakin kasuwa, ba babbar waya mai cin data ba. Kuma murya ta fi rubutu. Da yawa daga cikin iyayen da ke jinya ajami suka iya, wasu ba su iya ko ɗaya ba, sai an kai wa wani ya karanta. Ku yi tunanin saƙo mai ambaton maganin ƙwaƙwalwa ya shigo wayar budurwa tana hannun mai caji. Kafin la'asar gari ya ɗauka, aurenta ya mutu tun ba a ɗaura ba. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan a takarda, amma ba ta san shagon caji ba.

Sai batun baƙuwar lamba, wanda ban taɓa jin wani mai ƙera manhaja ya ambata ba. A yankinmu, baƙuwar lamba ta shigo gaban mutum faɗuwa yake, domin ta haka ake neman kuɗin fansa. Wannan ga mai lafiya ke nan. Ina ga wanda ciwonsa yake gaya masa ana bibiyarsa, sannan na'ura ta kira shi da muryar da bai sani ba tana umartarsa ya sha magani? Mun ƙara wa Borno dawaki. Lambar da za ta kira dole a ajiye ta a wayar mai jinya tun ranar sallama, a gaban mara lafiya, kuma muryar ta zama ta ma'aikacin da ya sani da ido. Kada a ɗora wa talaka kuɗin kati, musamman tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira a Janairun 2025. Ya yi fulashin, a kira shi. Tambayoyin ma ba su da yawa: yana barci? Yana wanka? Ya fara keɓe kansa? Wuyansa ya sandare, ko hannu na rawa, ko miyau na zuba? Na ƙarshen nan shi ya fi sa mutane jefar da haloperidol da chlorpromazine, su ce maganin asibiti ya mayar da yaro gunki, alhali rage awo ko ƙara trihexyphenidyl zai iya warware matsalar. A rubuta lamba biyu ko uku kuma, domin layuka da dama sun mutu a rikicin haɗa layi da lambar ɗan ƙasa.

Amma kira ba ya zama magani. In an ji alamar tashin ciwo a Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi, sannan amsarmu ita ce a kawo shi Kaduna, to mun ɓata kati ne kawai. Allurar fluphenazine da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu tsohon magani ne mai araha, kuma ma'aikacin lafiya na matakin farko da ya samu horon mhGAP kan kula da masu tabin hankali zai iya yin ta, likita yana duba shi ta waya daga nesa. Ita ce kuma za ta riƙe mutum in sabis ya sake ɗaukewa. A haɗa da kati na takarda, a ɗaura ranar allura da ranar kasuwar garin, wadda ba wanda yake mantawa da ita. Malaman ruƙiyya da masu rubutu kada a yi gaba da su. Gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna haɗa kai da masu maganin gargajiya da na addini yana inganta sakamako. Tun 1954 Lambo ya nuna a ƙauyen Aro cewa iyali su ne rabin jinya.

Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusu na musamman. An yi tafi. Ku je ku tambayi mai jinya a Damari ko ya ji a jikinsa. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga, wanda ya sa aka sake buɗe karar Birnin Gwari a Nuwamban 2024, ya buɗe hanya, motoci suna wucewa, shanu suna fita. Wannan sarari ne, kuma ba wanda ya ba mu tabbacin tsawonsa.

Roƙo na ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da hukumar lafiya a matakin farko shi ne, kafin a kashe ko kwabo a kan manhaja, a ba babban asibitin Birnin Gwari layi ɗaya da ma'aikacin jinyar ƙwaƙwalwa ɗaya da zai riƙe shi, a ajiye allurar a asibitocin mazaɓu, kuma kada a sake sallamar ɗan yankin daga ko'ina sai an rubuta sunan mai kula da shi an yi kiran gwaji kafin ya fita ƙofa. In kuma dalilin tsaro ya sake sa a rufe sabis, a sanar da ma'aikatan lafiya tun kafin a rufe, a kai wa mutanen nan maganin wata uku.