Amanar Mai Rubuta Manhaja: Jawabi Ga Sababbin Shiga



An nemi mu yi magana a kan abin da ya kamata sabon mai rubuta manhajar kwamfuta ya riƙe kafin ya kama aiki. Abubuwa huɗu muka zo da su, kuma na ukunsu ya fi sauran nauyi.

Na farko shi ne tushe. Kowace shekara sai an fito da wani sabon kayan aiki, a yi ta kururuta shi, har ɗalibi ya zaci in bai koye shi ba ya shiga uku. Ku dubi Flash, wanda ya yi shekaru yana cin kasuwarsa a intanet. A ƙarshen 2020 kamfanin Adobe ya janye hannu daga gare shi, ya zama tarihi. Amma harshen C, da Dennis Ritchie ya ƙago a 1972, har yau shi ne ƙashin bayan Linux, SQL na shekarun 1970 kuwa da shi bankuna ke tambayar rumbunan bayanansu. Saboda haka ku zaɓi harshe guda, ko Python ko Java, ku zauna a kansa har ku san ciki da bai ɗinsa, ku fahimci yadda ake jera bayanai, da abin da zai sami manhajarku in bayanan suka ninka sau dubu. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya kafu a kan tushe, koyon sabon harshe aikin 'yan makonni ne a gare shi.

Na biyu shi ne karatu. A jami'a akan ba ku farar takarda ku fara daga farko, alhali kuwa a wurin aiki galibi za a miƙa muku manhajar da wani ya rubuta shekaru da suka wuce, ya tafi, a ce ku gyara ba tare da kun rushe ta ba. Don haka ku saba da karanta aikin wasu. Akwai dubban manhajoji da rubutunsu yake a buɗe ga kowa kyauta. Ku ɗauki ƙarama, ku bi ta layi layi. Ku iya Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, domin da shi ake adana tarihin kowane canji. In kun maƙale ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata, amma ku faɗi abin da kuka gwada da abin da ya fito. Haka nan in za ku zaɓi aikin farko, wurin da akwai gwani mai duba rubutunku ya fi wurin da albashi ya ɗan ɗara amma ku kaɗai ne masana.

Na uku, jama'a, shi ne amana. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar tana da kurakurai da kan nuna giɓin kuɗi a reshen da ba a taɓa ko sisi ba. Maimakon a tuhumi na'ura sai aka tuhumi mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu an ɗaure su, wasu sun talauce, wasu sun rasu kafin a wanke su. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da lahani, kuma a 2024 majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Abin da ya fi ciwo shi ne, akwai kundin kurakuran da aka sani tun da daɗewa, amma labarin bai kai ga alƙalan da suka yanke hukunci ba.

Da yawa daga cikinku za su rubuta manhajar albashi, ko ta fansho, ko ta sakamakon jarrabawa. Ku sani bayan kowane layi akwai mai iyali. Ku gwada aikinku da abin da ba ku tsammani, watau lamba mai girman gaske, da gurbin da aka bari fanko. Rokar Ariane 5 ta tarwatse a 1996, kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, domin an ɗauko manhajar Ariane 4 aka ɗora mata, wata lamba ta fi ƙarfin ma'ajin da aka tanadar mata. In kuka ga kuskure ku rubuta shi, ku sanar da na gaba da ku, ko da zai jinkirta aiki. Wannan ka'ida ta shafi na'urorin nan masu rubuta manhaja, irin su ChatGPT da ya fito a 2022: ku amfana da su, amma kada ku miƙa layin da ba za ku iya bayaninsa ba, domin ranar tuhuma ku za a kira.

Na huɗu, ku tuna da waɗanda kuke yi wa aiki. Yawancinsu ƙaramar waya gare su, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuɗin data kuma da tsada. Manhajar da ta kasa rubuta Ɗanladi ko Ƙanƙara daidai, alhali haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin Unicode, ba ta cika ba. Ku je asibiti, ku je kasuwa, ku zauna da akawu ku ga yadda yake aikinsa kafin ku rubuta masa komai.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu fita haƙƙin jama'a.